Rory Gallagher: makaɗin da rediyo ya yi wa rowa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyon jitar lantarki, sai na ci karo da bidiyon wani Rory Gallagher yana kaɗa tsohuwar jita duk fentinta ya goge. Me ya sa ba a jin sunansa kamar na fitattun makaɗan jita Hendrix da Clapton? Kuma yaya zan yi in samu irin sautinsa?

Amsa: Barka kadai. Ka yi dace da kunne. Gallagher ɗan ƙasar Ayalan ne, an haife shi a 1948, ya tashi a birnin Cork, ya rasu a Landan a 1995. Jitar da ka gani Fender Stratocaster ce ƙirar 1961, ya saye ta kwance a 1963 kan fam 100, kuma da ita ya yi ta aiki har ƙarshen rayuwarsa.

Rashin sunan nasa har da laifinsa. Ya ƙi yarda a riƙa fitar masa da faifan waƙa ɗaya-ɗaya, alhali da irin wannan faifan gidajen rediyo ke tallata makaɗi. Ga shi ƙarfinsa a dandali yake. Shi ya sa zai fi maka kyau ka fara da kundin Irish Tour '74, wanda aka naɗa a gaban jama'a, har da Belfast ta Arewacin Ayalan lokacin da rikici ya sa makaɗa da yawa ke tsoron zuwa garin.

Kayan sautinsa na farko kaɗan ne: jitar, amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) Vox AC30, da ɗan akwatin Dallas Rangemaster mai ƙara kaifin sauti. Brian May, makaɗin jitar ƙungiyar Queen, ya sha faɗa cewa wurinsa ya koyi wannan haɗin. Akwatin ana jona shi ne a ramin amfilifayar da aka rubuta Normal, a buɗe muryarta har sautin ya fara ɗan gurɓacewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jona shi a amfilifayar da aka rage wa murya, ko a ramin da dama kaifi gare shi. Sai ka ji ƙara tana soke kunne kamar ana gogar langa. Kuma akwatin ya zama shi ne na farko daga jita. Idan wani akwati ya shiga tsakaninsu, ba zai ƙara bin makunnin muryar jitar yadda ya kamata ba.

Wannan makunnin kuwa shi ne rabin sirrin. Mayar da shi wajen 6 ko 7, sauti ya washe don rakiyar waƙa. Lokacin kiɗan kaɗaici ka murza zuwa 10 da ƙaramin yatsa, ba tare da hannu ya bar tsirkiya ba.

Sai kukan nan mai kama da fito da yake fitarwa a tsakiyar kiɗa. Riƙe robar kaɗawa ta yadda bakinta kaɗan ne ya leƙo, kamar milimita 2. Ka kaɗa tsirkiya ta uku, naman babban yatsa ya shafe ta nan take ya wuce. Idan yatsan ya daɗe a kai, sautin mutuwa zai yi. Idan bai taɓa ba, sautin yau da kullum za ka ji. Wurin da kukan ke fita yana canzawa da inda hannun hagu ya danna, don haka ka riƙa matsar da hannun dama kaɗan-kaɗan tsakanin maganaɗisun jitar, masu ɗaukar sautin tsirkiya, har ka same shi. Zaɓi maganaɗisun da ke kusa da gindin tsirkiyoyi, nan ya fi saurin fita.

Kada ka tara akwatunan gurɓata sauti. Suna daidaita bugu mai ƙarfi da mai taushi, shi kuwa Gallagher a bambancin nan kiɗansa ke numfashi. Minti 15 kullum kan tsirkiya ta uku, daga gaɓa ta 5 zuwa ta 7 a wuyan jitar, ya ishe ka farawa.