Zauren Masu Karatu: Sabon Mai Horarwa da Makomar Ƙungiyoyin Zari-Ruga

Tun ranar 28 ga watan Yunin 2025, da Tuluz ta doke Bordo da maki 39 da 33 a wasan ƙarshe na gasar zari-ruga ta Faransa, yawancin wasiƙun da ke iso wa wannan fili sun karkata ne ga batun masu horarwa, wato wanda aka sallama, da wanda aka ɗauko, da abin da hakan zai haifar idan an koma fili. Ga waɗanda muka zaɓa a wannan fitowar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. A fadarmu da ke Harobanda muna kallon gasar Top 14, wato babbar gasar zari-ruga ta Faransa, duk ƙarshen mako, kuma gardama ta kaure tsakaninmu. Abokaina sun dage cewa duk ƙungiyar da ta gama kaka hannu rabbana, wajibi ne ta kori mai horarwa a lokacin hutu ta ɗauko wani babban suna. Ni ban gamsu ba. Ina gaskiyar take? (Wani ɗalibin jami'a, Yamai)

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ina tare da kai a wannan gardama, kuma dalilina na farko yana cikin yanayin wasan kansa. A zari-ruga aikin mai horarwa ya wuce jera mutum 15 ya koma gefe. Shi yake tsara alamomin sirri da ake kira kafin a jefo ƙwallo daga gefen layi, domin mai jefawa, da wanda za a ɗaga sama, da biyun da za su ɗaga shi, su motsa a daƙiƙa guda. Shi yake daidaita yadda ƴan gaba takwas za su haɗa kafaɗa su tura a mele, wato turereniyar neman ƙwallo tsakanin ɓangarorin biyu, shi ne kuma yake yanke ko layin tsaro zai ruga ya tari abokan karawa ko zai tsaya ya jira su. Irin waɗannan abubuwa sai an yi ta maimaita su har sun zauna a jiki, alhali tsakanin wasan ƙarshe da buɗe sabuwar kaka a farkon Satumba bai wuce wata biyu da ƴan kwanaki ba, kuma a cikinsu ne ƴan wasa za su huta, wasu ma su tafi wasannin ƙasarsu. Ga kuma abin da masu gardama ba su cika lura da shi ba: a Faransa manyan ƴan wasa sukan sa hannu a kwantiragi watanni da yawa kafin kaka ta ƙare, saboda haka sabon mai horarwa yakan tarar da mutanen da wani ya zaɓa don nasa salon.

Ka ba abokanka labarin Tuluz ɗin da suke yabo a yau. Guy Novès ya bar ta a 2015, bayan ya riƙe ta sama da shekara 20 ya kuma ci mata kofin Turai sau 4, sai tsohon ɗan wasanta Ugo Mola ya gaje shi. A kakar 2016-2017 ƙungiyar ta ƙare a matsayi na 12 cikin 14, abin da magoya bayanta suka ɗauka a matsayin abin kunya, kuma da an bi ra'ayin fadarku da tun a lokacin an sallami Mola. Ba a yi hakan ba. Didier Lacroix, wanda ya hau shugabancin ƙungiyar a 2017, ya bar shi a kan aikinsa, aka ɗauko Antoine Dupont daga Castres a wannan shekarar, aka kuma buɗe ƙofa ga yaran da gidan ya rena, irin su Romain Ntamack da Thomas Ramos da Julien Marchand. A 2019 suka ɗaga garkuwar Brennus, wadda ake ba zakaran gasar Top 14, suka sake ɗaga ta a 2021 da 2023 da 2024 da 2025, ga kofin Turai a 2021 da 2024, duk a hannun mutumin da aka so a kora.

Sai ka juya ka dubi Mompeliye, wadda ta ci gasar karon farko a tarihinta a 2022. Da al'amura suka fara tangal-tangal sai ta shiga sauye-sauye: Richard Cockerill ya karɓi ragama a hutun 2023, kafin ƙarshen Nuwamba an sallame shi, Patrice Collazo ya shigo a tsakiyar kaka, ƙungiyar ta ƙare a matsayi na 13, kuma da kyar ta tsira daga faɗawa rukuni na biyu bayan ta doke Grenoble da maki 20 da 18. Ita ma Racing 92 ta ɗauko Stuart Lancaster a 2023, mutumin da ya horar da Ingila ya kuma yi shekaru a ƙungiyar Leinster ta Ireland, amma bai kammala kakarsa ta biyu ba aka raba gari. Babban suna bai yi masa ƙaranci ba.

Kada dai ka ce musu sauyi ba ya amfani, domin za su kawo maka Bordo, kuma suna da hujja. Yannick Bru ya zo a 2023 ya kai ta wasan ƙarshe a kakarsa ta farko. Sai dai ya tarar da Maxime Lucu da Matthieu Jalibert sun riga sun saba da juna a lamba 9 da 10, wato masu tsara harin ƙungiya, ga matashi Louis Bielle-Biarrey yana tasowa, Damian Penaud kuma ya iso daga Clermont a hutun. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya, domin Tuluz ta yi musu kaca-kaca da maki 59 da 3 a wasan ƙarshe na 2024, amma shugabannin ba su taɓa mai horarwa ba, sai ga shi a watan Mayun 2025 sun doke Northampton da 28 da 20 sun ɗauki kofin Turai na farko a tarihinsu.

TAMBAYA: Malam, ni tambayata gajera ce. Wa kake gani zai ɗauki garkuwar Brennus a kakar 2025-2026? (Wani ɗan kasuwa, Tawa)

AMSA: Alhaji, gaibu sai Allah, amma idan ra'ayi kake nema, Tuluz nake sa wa gaba, Bordo na biye da ita. Kowace ƙungiya za ta buga wasa 26 kafin a ware shida na sama, biyun farko su wuce kai tsaye zuwa wasan kusa da na ƙarshe, sauran huɗun su kara a tsakaninsu, kuma a cikin wannan doguwar tafiya akwai makonnin da fitattun ƴan wasa ke tafiya yi wa ƙasarsu aiki a Nuwamba da kuma lokacin gasar ƙasashe shida ta Turai. Ƙungiyar da ƴan bencinta suka san tsarin gidan kamar yadda na farko suka san shi ita ce take ratsa waɗannan makonni ba tare da ta zubar da maki ba, kuma a nan ne shekara 10 da Mola ya yi a kujera ɗaya take biyan Tuluz. Ka sa ido a kan Tulon, wadda Pierre Mignoni ya karɓa a 2022 kuma ta ƙare a matsayi na 3 a kakar 2024-2025. Montauban da ta hauro daga rukuni na biyu a 2025 kuwa, aikinta shi ne neman tsira.

TAMBAYA: Barka da aiki, Malam. Ina bin gasar Super Rugby ta intanet. Na ji ana cewa sabon mai horarwa ne ya rusa ƙungiyar Crusaders ta Niyuzilan bayan tafiyar tsohon mai horar da ita, Scott Robertson. Haka ne? (Wata malamar makaranta, Yantala, Yamai)

AMSA: Barka kadai, Malama. Zargin ya yi yawo sosai a 2024, amma ina ganin an zalunci mutumin. Robertson ya ci kofi 7 a jere daga 2017 zuwa 2023 kafin ya karɓi ƙungiyar ƙasar Niyuzilan, sai Rob Penney ya gaje shi ya ci wasa 4 kacal cikin 14, ƙungiyar ta ƙare ta 9. To amma a wannan hutun ne Richie Mo'unga, mai lamba 10 da dukkan harin ke bi ta hannunsa, ya tafi Japan, Sam Whitelock ya tafi Faransa, Will Jordan kuma bai buga ko wasa ɗaya a kakar ba saboda aikin da aka yi masa a kafaɗa. Hukumar ƙungiyar ta yi nazari ta bar Penney a kan kujerarsa, kuma a watan Yunin 2025 Crusaders ta doke Chiefs da maki 16 da 12 ta karɓi kofinta. Duk lokacin da kika ji an sauya mai horarwa, ki fara duba jerin ƴan wasan da suka fita tare da tsohon.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina cikin kwamitin wata ƙaramar ƙungiyar zari-ruga ta matasa a nan Yamai. Mai horar da mu, wanda aikin sa kai yake yi, an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha, mu kuma muna son komawa atisaye bayan damina. Mutum biyu ne a gabanmu: tsohon kyaftin ɗinmu wanda yara ke ƙauna amma bai taɓa horarwa ba, da wani malamin motsa jiki mai takardar shaida wanda bai buga wasan sosai ba. Kan kwamiti ya rabu. Wa za mu ɗauka? (Wani mai karatu, Bukoki, Yamai)

AMSA: Ɗan'uwa, wannan ce tambayar da ta fi tsaya mini a rai, domin yaran mutane ne a hannunku. Shawarata ita ce ku riƙe su duka biyun, amma ku fayyace wanda maganarsa ce ta ƙarshe tun kafin a busa usur na farko. Manyan ƙungiyoyin da muka ambata ma ba mutum ɗaya ne yake yin komai ba, akwai mai kula da ƴan gaba, da mai kula da ƴan baya, da mai kula da ƙarfin jiki, sannan shugaba ɗaya a samansu. A wurinku zan ɗora tsohon kyaftin a gaba, saboda shi ya san alamomin da tsohon mai horarwa ya bari, ya san yaron da ke tsoron kamu (wato cafke mai riƙe da ƙwallo a kayar da shi) da wanda ke da zafin kai, ya kuma san gidajen da sai an je an roƙi iyaye kafin su bar yaro ya fito. Malamin kuma ku danƙa masa ɗumama jiki, da tsara atisaye gwargwadon shekarun yara, da lura da ruwan sha da lokacin hutu, abin da ba wasa ba ne a garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Sharaɗi ɗaya zan gindaya wa kyaftin, kuma ba na son a yi sassauci a kansa: ya koyi koyar da kamu da mele kafin ya tsaya gaban yara. Iya yin abu dabam ne da iya koyar da shi. Na taɓa tsayawa a bakin wani fili da la'asar ina kallon atisaye, sai wani yaro ya ruga kamu ya sa kansa a gaban gwiwar mai gudu. Mai horarwar ya dakatar da kowa, ya durƙusa a kan jar ƙasa, ya kama ƙugun yaron da aka so kamawa, ya manna kuncinsa a bayan cinyarsa, ya zagaye ƙafafun da hannu biyu, sannan ya sa kowane yaro ya yi hakan a tafiyar ƙafa, dama da hagu, kafin ya yarda a ƙara gudu. Irin wannan haƙurin nake so ku nema a wurin wanda za ku ba yaranku. Hukumar zari-ruga ta Faransa ta sauko da kamu zuwa ƙugu a ƙananan gasanninta tun 2019, hukumar World Rugby kuma a 2023 ta shawarci ƙasashe su gwada kamu ƙasa da ƙashin ƙirji a wasannin da ba na ƙwararru ba, duk don rage bugun kai. World Rugby, wato hukumar wasan ta duniya, tana da darussa kyauta a intanet, har da harshen Faransanci, a kan shirya ɗan wasa da gane alamomin girgizar ƙwaƙwalwa, kuma ya kamata mutanenku biyu su kammala su a cikin wannan hutun. Ku kuma tuntuɓi hukumar zari-ruga ta ƙasa a kan horon masu horarwa. Idan ƴan gabanku ba su kai takwas masu ƙwarin wuya ba, ku fara da wasan mutum bakwai-bakwai, wanda mele ɗinsa na mutum uku ne kawai daga kowane ɓangare.

Sai batun kwamitin kansa. Ku zauna ku rubuta a takarda cewa kun ba su kaka biyu cur, kowa ya sa hannu, har da waɗanda ra'ayinsu bai yi rinjaye ba, domin kada wasa biyu da za a rasa a farko su zama dalilin sake tayar da maganar. A ƙarshen kakar farko ku tambaye su yara nawa ne suka riƙa zuwa atisaye daga farko har ƙarshe, nawa ne suka ji rauni kuma a wane irin yanayi, sannan ko ƙungiyar tana karɓe ƙwallon da ita ta jefo daga gefen layi. Ku ba mutum ɗaya a cikin kwamiti littafin da zai riƙa rubuta waɗannan abubuwa tun daga ranar da za ku koma fili.