'Yata ta kafe sai ta zama makaɗiyar fiyano

TAMBAYA: Malam, ina da 'ya mai shekara 14 da take koyon fiyano a makarantarsu, malaminta kuma ya ce tana da hannu. Yanzu ta kafe cewa sana'arta ke nan, irin ta masu kaɗa kiɗan Turawa na dauri a manyan zauruka. Mahaifinta yana ganin roƙo ne aka sauya wa riga. Shin mutum zai iya riƙe kansa da wannan sana'a?
Wata uwa, Tudun Wada, Jos

AMSA: Uwargida, ki kwantar wa maigida da hankali, domin mai wannan sana'a ba ya wasa kowa kuma ba ya jiran liƙi, yana karanta rubutaccen kiɗa ne daga takarda, wanda wani ya tsara wataƙila shekara 200 da suka wuce, ya haddace shi, sannan ya kaɗa a gaban mutanen da suka sayi tikiti suka zauna tsit. Damuwar da ta fi cancanta ita ce ta abinci, kuma a nan ba zan ɓoye miki ba: waɗanda hawa dandamali kaɗai yake ciyar da su 'yan ƙalilan ne a duniya baki ɗaya. Gasar fiyano ta Chopin da ake yi a birnin Warsaw na ƙasar Poland tun 1927, wadda take buɗe wa matashi ƙofar manyan zauruka, sau ɗaya ake yin ta a shekara biyar, kuma mutum ɗaya ne yake zuwa na farko.

Galibin makaɗan fiyano da koyarwa suke rufa wa kansu asiri, kuma ba ƙasƙanci ba ne. Shi kansa Chopin, makaɗin fiyanon da aka sa wa gasar sunansa, wanda ya rasu a 1849, wasannin da ya yi a bainar jama'a ba su wuce kimanin 30 ba a duk rayuwarsa. Da kuɗin darasi ya fi riƙe kansa a Paris. Clara Schumann, makaɗiyar fiyano Bajamushiya, ta yi fiye da shekara 60 tana hawa dandamali, duk da haka daga 1878 ta karɓi aikin koyarwa a makarantar kiɗa ta Frankfurt. A gida kuwa akwai Akin Euba, haifaffen Legas da ya rasu a 2020, wanda ya nemi fiyano ta yi magana kamar kalangu, ya kuma daɗe yana koyarwa a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka. A ganina, yarinyar da za ta ji haushin zama kusa da ɗan shekara bakwai tana gyara masa yatsa ɗaya sau goma, gara ta sake tunani tun yanzu. Aikin da yake nan Jos da Abuja shi ne darasi a gidaje da makarantun kuɗi, da raka mawaƙan coci da kiɗa.

Kafin a yanke hukunci, a bar jarrabawa ta auna ta. Hukumar ABRSM ta Landan, mai shirya jarrabawar kiɗa, tana da matakai daga 1 zuwa 8, kuma tun 2020 akwai nau'in da ake ɗaukar bidiyo a aika, ba sai an yi tafiya ba. Bayan haka akwai makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas, ko sashen kiɗa na Jami'ar Nsukka. Kada dai ta saki sauran darussanta saboda wannan.

Sai batun kayan aiki, wanda iyaye suka fi yin kuskure a kai. Ƙaramin kibod na kasuwa mai madannai 61 marasa nauyi ba zai ƙarfafa mata yatsu ba. Tana buƙatar mai madannai 88 masu nauyi. Fiyano ta katako ta fi, amma hunturun Jos yana busar da katakon har sauti ya karkace, masu saita ta kuma ba su da yawa. Idan ba ki da tabbacin samun mai saitawa sau biyu a shekara, ki saya mata ta lantarki mai madannai masu nauyi, ki haɗa da batir saboda ɗauke wuta.