Alan Jones nawa ne suka buga wa Glamorgan kurket?

Malam, ka tambaya ko A. Jones da kake gani a tsofaffin takardun sakamakon Glamorgan, ƙungiyar kurket ta Wales, mutum ɗaya ne, tunda wani lokaci ka gan shi yana buɗe bugu, wani lokaci yana jifa. Ba mutum ɗaya ba ne, su uku ne.

Babbansu Alan Jones, haifaffen 1938, bahago, ya buga daga 1957 zuwa 1983, ya tara maki fiye da 36,000 a manyan wasanni. Ni a ganina an tauye masa haƙƙi: ya buga wa Ingila wasa da gamayyar ƙasashen duniya a 1970, daga baya aka cire wasan daga jerin Test, wato manyan wasannin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da su. Sai a 2020 hukumar kurket ta Ingila ta ba shi hularsa mai lamba 696, hular da ake ba wanda ya buga wa ƙasar wasan Test.

Na biyu Alan Lewis Jones, shi ma bahago mai bugu, ya fara a 1973. Mai jifan da ya rikita ka kuwa Allan Arthur Jones ne, wanda ya ratsa ƙungiyoyin Sussex da Somerset da Middlesex kafin ya iso Glamorgan, daga bisani ya zama alƙalin wasa.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne watsi da haruffan farko. Duba A., A.L. ko A.A., sannan shekara. Kada ka ɗauka duk dangi ne, Jones suna ne gama-gari a Wales. Eifion Jones mai tsaron wiket (mai tare ƙwallo a bayan mai bugu) dai ƙanin Alan ne.

In rubutu za ka wallafa, tabbatar a Wisden, littafin kurket na shekara-shekara, ko shafin intanet na CricketArchive, ko ka tuntuɓi gidan tarihin kurket da ke Sophia Gardens a Cardiff.