Tambayi Likita: Dole ne ɗalibai su ji sirrina?

TAMBAYA: Salam likita, Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce a Rigasa, na je asibiti saboda sanyi da ke damuna, tun asuba nake kan layi, da aka kira katina na shiga sai ga samari da 'yammata da farar riga sun jeru bayan likita kowa da biro da ɗan littafi, wani ma sa'an ƙanena ne. Wallahi bakina ya mutu, na ce masa ciwon kai ne da zazzaɓi ya rubuta min magani na fito. Wai dole ne su zauna? In na ce su fita ba za a wulaƙanta ni ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki. A'a, ba dole ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin ciwonki sirri ne, haka ma takardar haƙƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018. Kamata ya yi likitan ya ce miki "waɗannan ɗalibaina ne, kin yarda su zauna?" tun kafin ki buɗe baki. Wasunmu na tsallake wannan saboda cunkoso, amma gaskiya cunkoso ba hujja ba ne, laifinmu ne ba naki ba.

Su waye yaran? Ɗaliban likitanci ne, karatunsu shekara 6, daga aji 4 suke fara shiga wajen marasa lafiya. A nan jihar Kaduna za ki fi ganinsu a Barau Dikko, asibitin koyarwa na jami'ar jiha wato KASU, da Shika na ABU Zariya, akan kuma tura su ƙananan asibitoci na ɗan lokaci. Amanar da ke kan likita tana kansu, wanda ya fita da labarin majinyaci hukunci zai fuskanta a makaranta.

Majinyatan da nake gani kala-kala ne fa. Dattijo mai hawan jini sau da yawa daɗi ma yake ji, don in da ɗalibai likita ya fi tsayawa ya yi bayani dalla-dalla, har ka ji yana cewa "ku zo ku gwada 'ya'yana". Amma da an zo maganar mara, ko basir, ko rashin haihuwa, ko damuwa, nan ne kowa ke tsuke baki, kuma maza ma haka suke ba mata kaɗai ba.

Shawarata kar ki ɗauka ko dai duka su zauna ko duka su fita. Kina iya cewa su ji bayani amma in za a ja labule a duba ki su ba da wuri, ko maza su fita mata su tsaya, ko a bar miki mace ɗaya da nas. In kunyar likita kike ki raɗa wa nas ɗin da ke bakin ƙofa kafin ki shiga. In aka canza miki fuska don kin ƙi, ki kai ƙorafi teburin SERVICOM, wato wajen karɓar koken jama'a, in asibitin gwamnati ne.

Sai dai zan roƙe ki abu ɗaya, in ɗalibar mace ce ki daure ki bar ta. Kullum kukanmu a Arewa babu likitoci mata, to da koyo akan iya, ita ce gobe za ta duba 'yarki.

Kuma don Allah ki koma a satin nan ki faɗi gaskiyar abin da ke damunki, maganin zazzaɓi ba ya taɓa sanyi, wani sanyin kuma in ya daɗe yana hawa har ya toshe hanyar ƙwai.

TAMBAYA: Likita ɗalibi ne ya yi ta min tambayoyi ya auna ni, shi zai rubuta min magani kenan? Daga wani bawan Allah a Kawo.

AMSA: A'a malam, ɗalibi ba shi da lasisin MDCN, wato hukumar da ke ba likitoci izinin aiki, tarihin ciwonka kawai yake ɗauka ya kai wa babban likita, shi ne zai sake duba ka ya sa hannu a takardar magani. In ba ka ga haka ba ka tambaya kafin ka je wajen karɓar magani.