Me ya sa mallakar mota ke da tsada a Singafo?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne kuɗin mota kaɗai ba sa isa a Singafo. Haka ne. Ƙasar ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa, don taƙaita yawan motoci, tun 1990 sai ka ci gwanjon takardar izini, wato COE, kafin a yi wa motarka rajista. Hukumar kula da sufuri ta ƙasar, wato LTA, ke ƙayyade adadin takardun, ana gwanjon sau biyu a wata. A 2023 farashin takardar ya haura dalar Singafo 100,000, ban da haraji.

Takardar shekara 10 take aiki, daga nan ko ka sabunta ko a soke rajistar. Ka kula a nan: wanda ya sabunta ta shekara 5 don biyan rabin kuɗi, ba za a sake sabunta masa ba.