Kankare gefen haƙori wajen gyara: zafin inji yana kashe jijiya?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. An saka wa ɗiyata 'yar shekara 15 wayar gyaran haƙori, saboda haƙoranta na gaba na ƙasa sun cunkushe, wani kan wani. Yanzu an ce sai an ɗan kankare gefensu da inji don a sami wuri. Maƙwabciyata ta ce injin yana zafi har ya ƙona jijiya, haƙori ya yi baƙi. Hankalina ya ƙi kwanciya. Daga wata uwa, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maƙwabciyarki tana da ɗan gaskiya, sai dai ta zuzuta abin.

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, kuma ba shi da jijiya. Ƙarƙashinsa akwai wani ƙashi mai ɗan rawaya. Can tsakiya kuma ɓargo ne, mai jijiyoyi da hanyoyin jini. Farin ɓawon kaɗai ake kankarewa, yawanci kwatan milimita a kowane gefe, wato rabin milimita tsakanin haƙora biyu. Shi ya sa galibi ko allurar kashe zafi ba a yi.

To ina zafin ke fitowa? Daga gogayya, kamar yadda wuƙa ke ɗaukar zafi a hannun mai wasa ta. Ɓargon nan kuwa a kulle yake cikin ɗaki mai bangon dutse. In ya kumbura ba shi da inda zai buɗa, sai hanyoyin jininsa su matse. A 1965 wasu masu bincike biyu a Amurka, Zach da Cohen, sun gwada haka a haƙoran birai. Da zafin cikin ɓargo ya ƙaru da digiri 5.5, kashi 15 cikin ɗari na haƙoran suka mutu. Da ya ƙaru da digiri 11, sai aka tashi da kusan kashi 60. Har yau likitocin haƙori suna riƙe da wannan 5.5 a matsayin iyakar da ba a son ƙetarewa. Kada ki haɗa shi da zafin garinmu na watan Afrilu da ke wuce digiri 40. Wancan ba ya shiga cikin haƙori.

Kayan aikin ba ɗaya suke ba. Siririn ƙarfe mai kaushi da ake ja da hannu tsakanin haƙora, zafinsa bai taka kara ya karya ba. Faifai mai juyawa da kan inji mai gudu su ne ke iya ɗaga zafi, musamman in aka yi su a bushe, aka danna da ƙarfi, aka daɗe ba a ɗaga hannu ba, ko kayan sun dakushe. Da feshin ruwa ko iska, ana taɓawa ana ɗagawa, zafin yakan tsaya ƙasa da iyakar. Jinin da ke zagayawa cikin haƙori mai rai ma yana kwashe wani abu daga cikin zafin.

Abin da ya sa ban ce ki share maganar ba shi ne haƙoran da kika ambata. Na gaba na ƙasa su ne mafi ƙanƙanta, ɓawonsu siriri, kuma ɗakin ɓargon yarinya mai shekara 15 ya fi na babba faɗi, don haka ya fi kusa da waje. Ni a irin waɗannan na fi son aikin hannu, ko inji da ruwa, kaɗan-kaɗan a zama fiye da ɗaya. Ki tambayi likitanta kai tsaye: milimita nawa zai cire, da me, kuma zai sanyaya da ruwa? Ki kuma tambaya ko zai sulɓe wurin ya shafa maganin fulorayid, mai ƙarfafa ɓawon haƙori, bayan ya gama, domin ɓawon da aka cire ba ya sake tsirowa.

Bayan aikin, ruwan ƙanƙara ko shayi mai zafi na iya ratsa haƙoran na 'yan kwanaki, ya wuce da kansa. Amma in ciwon yana daɗewa bayan ta haɗiye ruwan, ko zogi ya tashe ta cikin dare, ko haƙori ɗaya ya fara dushewa, ko dasashi ya kumbura, kada ku jira ranar da aka ba ku. Ku koma wurin likitanta, ko sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a gwada ran haƙorin a ɗauki hotonsa.