Rubutu a Shafina Ya Fara Hana Ni Barci: In Rufe Shi Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani shago a Kantin Kwari. Bara na buɗe shafin bulog, ina rubutu a kan tsofaffin unguwannin cikin birni da sana'o'insu. Ba don kuɗi na fara ba, kuma wallahi ina jin daɗin abin. Amma yanzu ya fara ba ni tsoro. Da na saki rubutu sai in kasa ajiye waya, ina ta duba mutum nawa suka karanta. Sai in kai ƙarfe ɗaya na dare, tashin Asuba ya yi mini wuya, a shago ma maigidana ya yi mini magana. Iyalina cewa take yi waya ce uwargida, ita amarya. Me ya sa abin yake ja na haka? In rufe shafin ne in huta?

AMSA: Wa alaikumus salam. Kada ka rufe shafin, Malam. Sake karanta tambayarka da kyau: ba ka ce rubutu ne ke kai ka ƙarfe ɗaya ba, ka ce dubawa ce. Daɗi iri biyu ne suka haɗu maka a waya ɗaya, daɗin rubutawa da daɗin ƙirga masu karatu. Na farkon alheri ne, ka riƙe shi. Na biyun shi ne ke cin barcinka, kuma ana iya yanke shi ba tare da an taɓa ɗan'uwansa ba.

Daɗin farkon yana da tushe. Marubutan adabin kasuwar Kano da suka taso a shekarun 1980 sai sun tara kuɗi, su kai wa mai buga tafireta, su bi ta maɗaba'a, sannan su roƙi masu shagon littattafai su karɓa, kuɗin ma sai an sayar. Mai ra'ayi kuwa ya aika wa Gaskiya Ta Fi Kwabo wasiƙa, ya zauna jiran ko edita zai ga dama. Tun da Blogger, dandalin buɗe shafin bulog, ya fito a 1999, Google ya saye shi a 2003, WordPress ma ya bayyana a shekarar, sai wannan shingen ya faɗi. Ka rubuta da hantsi, kafin azahar wani a Jidda ko Kumasi da kakansa ya tashi a Madabo ya karanta, har ya ƙara maka abin da ba ka sani ba. Wanda bai taɓa ɗanɗana wannan ba zai ce ɓata lokaci kake yi.

Akwai kuma abin da rubutu ke yi wa idon mai yinsa. Wanda ya saba wuce marinar Ƙofar Mata bai waiwaya ba, ranar da ya ƙudura zai rubuta a kanta sai ya tsaya ya tambayi me ake zubawa a rijiyar ban da baba da toka, kwana nawa take yi kafin ta nuna, su wane ne suka rage a sana'ar. Garin da aka haife ka a ciki ya koma maka sabo. Ga shi kuma rubutun Hausa a intanet bai kai yawan masu jin harshen ba, don haka abin da ka tattaro daga bakin wani dattijo a Soron Ɗinki ko Yakasai, ta yiwu shafinka ne kaɗai wurin da yake a rubuce. Shagaltar da ke sa awa biyu ta wuce kamar minti ashirin kana gyara jimloli, masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya daɗe yana nazarinta: tana zuwa ne idan aiki ya ɗan yi wuya amma bai fi ƙarfin mai yinsa ba. Alamarta ita ce idan ka gama, ka tashi da gamsuwa.

Dubawa ba ta barin mutum da gamsuwa. Ga dalili.

A shekarun 1950 B. F. Skinner ya yi gwaje-gwaje da tattabaru a Jami'ar Harvard ta Amurka. Tattabara ta caki maɓalli, ƙwayar hatsi ta faɗo. Idan kowace caka tana kawo hatsi, da an yanke hatsin ba ta daɗewa take dainawa. Amma idan ba ta san wace caka ce za ta kawo ba, wani lokaci ta uku, wani lokaci ta talatin, sai ta riƙa caka ba ƙaƙƙautawa, kuma ko an daina sakin hatsin ta daɗe ba ta haƙura ba. A kan wannan tsarin aka gina injinan caca. Shafin ƙididdigarka haka yake aiki: ka duba sau tara ba komai, na goma ka tarar wani ya yaɗa rubutun a WhatsApp, mutum ɗari biyu sun shigo. Wannan na goman shi ke biyan kuɗin taran da suka gabata, ya kuma sa ka yi wasu ashirin. Daga baya, a shekarun 1990, Wolfram Schultz ya auna ƙwaƙwalwar birai, ya nuna cewa ƙwayoyin da ke sakin sinadarin dofamin sun fi motsawa idan lada ya zo ba zato, ko idan aka ga alamar cewa yana tafe. Idan aka sa rai bai zo ba, sai su yi ƙasa. Wato sinadarin ya fi alaƙa da ɗoki a kan jin daɗi. Shi ya sa hannunka ke kai wa waya tun kafin ka yi niyya, kuma ko lambar ta hau, murnar ba ta minti biyar.

Sai sabo ya ƙara nasa. Ranar da mutum 40 suka fara karanta ka, ka yi farin ciki. Da ka taɓa samun 400, sai 150 ya zame maka faɗuwa. Ga kuma nauyin masu karatu. "Malam, shiru kwana biyu" kalma ce ta ƙauna, amma tana mayar da sha'awa bashi.

Abin takaici, lambar da kake hana idonka barci a kanta ba ta faɗin gaskiya duka. Ƙididdigar Blogger buɗe shafi take ƙirgawa, ba mutane ba. Shigarka kai kanka tana ciki, sai idan ka zaɓi a daina ƙirga ta, kuma wannan zaɓin a kan burauzar da ka yi shi kaɗai yake aiki. Manhajojin da ke yawo a intanet suna tattara bayanai su ma suna kumbura ta. Idan ka wayi gari ka ga ɗaruruwan "masu karatu" daga wata ƙasar da ba a jin Hausa, galibi su ne. Wanda ya danna ya fita cikin daƙiƙa uku da wanda ya karanta har ƙarshe, duk ɗaya ake rubuta musu. Sannan rubutu irin naka na tarihi ba na yini ɗaya ba ne, masu nemansa ta Google sai bayan makonni ko watanni suke fara isowa. Mai duba shi duk minti goma kamar manomin da ke tone iri ne kowace safiya don ya ga ko ya tsira.

Shin ciwo ne? Babu wata cuta mai suna jarabar bulog a kundin likitoci. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022, shi ne jarabar wasannin kwamfuta da waya, kuma alamominta uku sun isa a ara a yi awo da su: mutum ya kasa tsayawa a inda ya yi niyya, abin ya shiga gaban sauran al'amuran rayuwa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar. A can sai an shafe kimanin wata 12 a haka, tare da ɓarna babba, kafin a kira shi cuta. Naka, bisa abin da ka faɗa, ɗabi'a ce da ta fara ƙarfi. Amma wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya ya tashi biyar, barcin awa huɗu ya yi, alhali baligi yana buƙatar bakwai ko fiye. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi kuskuren lissafin yadi a shago.

Fara da awo. A wayar Android shiga saituna ka nemi Digital Wellbeing, a iPhone kuma Screen Time. Za ka ga awa nawa kowace manhaja ta ci da sau nawa ka buɗe wayar a yini. Kada ka canza komai a makon farko, rubuta lambobin kawai. Yawanci abin da mutum ya gani yakan zarce zatonsa.

Gyara mafi girma shi ne raba lokacin rubutu da lokacin saki. Yi rubutunka data a kashe, ko a littafi da biro ko a manhajar ajiye rubutu. Idan ka gama, kada ka sake shi nan take. Blogger da WordPress duk suna ba ka damar saka rana da sa'ar da rubutu zai fita da kansa. Sa shi ƙarfe bakwai ko takwas na safe, lokacin da kake shirin kasuwa. Awannin farko bayan saki su ne ɗokin ya fi zafi, to gara su faɗa a lokacin da ciniki ya riƙe hannunka. Sakin rubutu bayan Isha'i shi ne kai tsaye ke kai ka ƙarfe ɗaya. Garabasar datar dare da kamfanonin waya ke sayarwa da araha ita ma ka bar ta. Abin da ka rage a kuɗi, a barci kake biyansa.

Ƙididdiga sau ɗaya a mako, a ranar da ka tsayar, minti goma. Ka dubi abu biyu kawai: wane rubutu ne har yanzu ake karantawa bayan wata guda, kuma daga ina masu karatu suke shigowa. Don alkawarin ya tsaya, sai ka sa hanyar ta yi nisa. Cire manhajar shafin daga wayar, fita daga asusunka a burauza ta yadda sai ka rubuta kalmar sirri kafin ka shiga, kashe duk sanarwa. Sharhin masu karatu ka sa sai ka amince kafin ya fito, ka amsa su sau biyu a mako, minti ashirin. Wannan zai kuma tace maka masu zagi da masu tallan banza. Da dare a yi cajin waya a falo, ƙararrawar Asuba a saka ta a ƙaramar waya mai maɓalli. Idan uzurinka shi ne wuta sai dare ake kawowa, ai ba ta bambanta soket ɗin falo da na ɗaki.

Rubutu ɗaya a mako ya ishi mai aikin kasuwa. Sanar da masu karatu ranar, ka kuma tara uku ko huɗu a ajiye kafin ka fara, saboda makon da ciniki ya yi zafi, irin na gab da Sallah. Maganar iyalinka kuwa, wasa ne a baki amma ƙorafi ne. Zauna da ita ku tsayar da lokacin rubutu tare, misali awa ɗaya bayan Magariba kwana uku a mako, sauran daren nata ne da yara.

Ga inda ake faɗuwa. A kwanakin farko ɗokin dubawa ƙaruwa yake yi kafin ya ragu. Tattabarun Skinner ma sukan tsananta caka a lokacin da aka fara yanke hatsi. Da yawa a nan suke cewa dabarar ba ta aiki. Idan ya taso, ka jinkirta minti goma kana wani aiki da hannu, galibi yakan lafa. Na biyu, iyakar lokacin da ka sa wa manhaja kai ne ke iya cire ta da danna biyu, don haka kada ka dogara da ita kaɗai. Na uku, mutum ya bar ƙididdigar shafi ya koma ƙirga masu danna alamar so a Facebook ko gungura TikTok. Gida aka sauya, jarabar tana nan.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne lambar ta fara zaɓa maka abin rubutawa. Za ka lura gulmar 'yan fim ko rikicin siyasa ya ninka tarihin kasuwar Kurmi masu karatu, sai zuciya ta fara karkata. Nan ne ake sakin labarin da ba a tabbatar ba don kada wani ya riga. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama masu rubutu da shi a Najeriya. Idan kuma wani ya ce maka ka dage kuɗin talla na tafe, sani cewa AdSense, tsarin Google na biyan masu shafi kuɗin talla, ba ya biya sai kuɗin ya kai dala 100, Hausa ba ta cikin jerin harsunan da ya lissafa, kuma danna tallan shafinka da kanka rufe asusu yake jawowa.

Ba wa tsarin mako shida. Idan har barci ya ƙi dawowa ko da wayar tana falo, ko ka ga ƙunci da rashin sha'awar komai sun zauna maka, ko ka gane shafin mafaka ce daga wata damuwa ta bashi ko ta gida, to ka ga likita. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Idan hutu kake so na ɗan lokaci, kada ka goge komai cikin fushi. Shiga saituna ka sauke kwafin rubuce-rubucenka ka adana, sannan ka mayar da shafin ya zama kai kaɗai ke iya gani har zuwa ranar da ka shirya buɗe shi.